Jiƙon Kanwa a Ƙofar Motar Lawal

Sallama gare ku jama'armu ta wannan yanki, na Virginia da na Maryland da waɗanda suka maƙale a tsakiyar birni. Sunana Garba, amma in ka je layin tasi na filin jirgi ka ce Garba ba mai waiwayowa, sai ka ce Garba Raki. Karatuna aji huɗu ne na firamare a Kano, shi ma na huɗun rabinsa a bayan taga na yi shi. Don haka wanda ya ga harafi ya karkace, ya miƙar da shi a zuciyarsa ya wuce. Abin da ya sa na zauna rubutu da tsufana shi ne Lawal, da yadda muka yi jinyarsa, da yadda ni da ban fi shi komai ba nake nan ina cin tuwo, shi kuwa yana ƙarƙashin ƙasar Virginia.

Lawal Bazazzage ne, ni Bakano. Kun ga ke nan tun ranar da muka haɗu a layin tasi ba mu taɓa gaisawa cikin mutunci ba. In ce masa bawana, ya ce min tafi can, ɗan garin da ake sayar wa baƙo inuwa. Gida ɗaya muke haya a Annandale, ni da matata Hauwa a sama, shi a ɗakin ƙasa shi kaɗai, don iyalinsa suna Zariya. Duk abin da ya samo a kan titi can yake turawa. Ya gina gida a Tudun Wada, hoton yana maƙale a saman gilashin motarsa. Ya sa kafinta ya yi masa ƙaton gado na katako, matarsa Asabe ta shimfiɗa, bai taɓa kwana a kai ba. Kullum maganarsa ita ce baɗi zai koma gaba ɗaya, ya miƙe a kan gadon nan, kada kowa ya tashe shi sai azahar.

A nan kuwa ba shi da gado. Wata tsohuwar kujera gare shi mai kwantar da baya, a kanta yake barci a kishingiɗe. Na sha tsokanarsa cewa rowa ce ta hana shi sayen katifa.

"Ba rowa ba ce, bawa," in ji shi. "Na saba da kujerar mota. In na miƙe a gado, abinci biyo ni yake yi."

Na ce abincin ma ya gaji da zama a cikin Bazazzage. Muka yi dariya muka wuce.

Abu na biyu da aka san shi da shi gora ce ta roba a aljihun ƙofar motarsa, cike da jiƙon kanwa. Duk wanda zai taho daga gida, saƙon Lawal ɗaya ne, kanwa ungurnu. Yakan kurɓa kafin ya ci abinci, ya kurɓa bayan ya gama, ya kurɓa kafin ya tayar da salla, wai ruku'u yana kawo masa ruwan tsami baki. Ba wanda ya ɗauki wannan a bakin komai. Wane ne a cikinmu bai ga kakarsa tana jiƙa kanwa ba?

Ni kuma ga halina. Ƙaya in ta soke ni sai na yi wasiyya. Ƙwannafi ya daɗe yana damuna, kuma duk direban da ke layin nan ya san da zamansa, har Habashawa da 'yan Pakistan, don da hannu nake yi musu bayani.

Wata Lahadi a taronmu na wata-wata, a gidan wani injiniya ɗan Arewa a Mitchellville, aka gabatar mana da Dakta Binta. Yarinya ce 'yar Katsina da ta zo ƙarin karatu a kan ciwon ciki. Ta ce akwai wata takarda mai tambayoyi shida da likitoci ke gane mai ciwon ƙwannafi da ita ba sai an kai ga na'ura ba. Abokiyar aikinta 'yar Indonesiya ce ta ba ta labarin yadda a ƙasarsu aka mayar da tambayoyin harshensu, aka gwada a kan marasa lafiya don a ga ko suna kama ciwon. Ita ma ta mayar da su Hausa, tana neman waɗanda za su amsa.

Wani ya ce, to in mun faɗi jarrabawar fa?

Ta ce, "Baba, ba ku nake gwadawa ba, takardar nake gwadawa. Bayan kun amsa, ina so a zura wa kowa 'yar kyamara ta baki a duba hanyar abinci. In takarda ta ce akwai ciwo, kyamara ma ta gani, to ta yi gaskiya. In ta ce babu, kyamara ta gani, takardar ce ke da gyara. Shi ya sa nake son kowa ya shiga, da wanda ta kama da wanda ta wanke. Kuma ba za ku biya komai ba."

Da yake ni da Lawal karatunmu sai a hankali, ita ta karanta mana a wani lungun falo. Tare muka zauna, don ba wanda zai yarda ɗan'uwansa ya amsa a ɓoye.

Ta fara da ni. A makon da ya wuce, kwana nawa na ji ƙuna a ƙirji? Na ce duka, har da gobe. Abinci ko ruwan tsami yana dawo min baki? Na ce kamar ya biya kuɗin komawa. Ciwon saman ciki fa, tashin zuciya fa? Na ba ta abin da ya samu. Yana hana ni barci? Na ce ta tambayi Hauwa. Ina sayen ƙarin magani a kanti saboda shi? Na zazzage mata aljihuna a kan tebur.

Ta juya kan Lawal. Ƙuna a ƙirji? Babu. Ruwan tsami? Ya ɗan yi tunani, ya ce a makon nan dai bai bari ya zo ba, ta rubuta babu. Barci? Ya ce kamar gawa. Maganin kanti? Ya ce rabonsa da kantin magani tun gwajin idon lasisi.

Ina so mai karatu ya riƙe wannan. Lawal bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Abin da aka tambaye shi ya amsa.

Ta haɗa lissafinta ta ce takarda ta kama ni, shi kuma ta wanke shi. Lawal ya miƙe ya gyara hula, ya bi falon nan yana shaida wa mutane cewa ilimin zamani ya tabbatar Bakano ruɓaɓɓe ne tun daga ciki.

Ranar kyamarata shi ya kai ni, don an ce bayan allurar barci ba a tuƙi. Na yafe wa kowa a mota, na gaya masa inda na ɓoye takardun filina. Ban san ma an yi ba, na farka ina tambayar yaushe za a fara. Aka ce ƙasan hanyar abincina ya ɗan saɓule, ba wani abin tsoro ba. Aka ba ni ƙwaya ta kowace safiya, aka ce in rage yaji, in daina cin abinci ina kwanciya a kai, in ɗaga kan gadona. Dakta Binta ta fito ta samu Lawal a wurin jira.

"Baba Lawal, saura kai. Ga gurbi nan mako mai zuwa."

"'Yata, ai takardarki ta wanke ni. Ki bar wa masu raki wurin. Yini guda ba aiki, yara a Zariya ba su san wannan ba."

Ta roƙe shi, ta kira shi a waya daga baya har sau biyu ko uku. Ya riƙa ce mata in sha Allahu, irin in sha Allahun da duk mun san ma'anarta.

Shekara ta zagayo, ta kusa sake zagayowa. Ranar Babbar Salla muna cin nama a bayan gida, Lawal ya sa tsoka a baki, sai na ga ya tsaya. Ya miƙe ya je jikin shinge yana dukan ƙirji da hannu, idonsa na ruwa. Da ƙyar ta dawo. Ya ce ragon Kano ne, taurin kai har a tukunya. Ya je mota ya kurɓi gorarsa.

Hauwa ce ta fara lura. Kwanon da take saukar masa ƙasa sai ya riƙa dawowa da naman a ciki. Bayan 'yan makonni tuwon ma ya riƙa dawowa, an shanye miyar kawai. Ya ce ta riƙa dama masa kunu, wai ya yi marmarin gida. Wata safiya na sauka aron abin ƙara wa taya iska, na same shi da ƙusa da guduma yana huda wa bel ɗinsa sabon rami. Na duba, ba shi ne na farko da ya huda ba.

Yawancinmu direbobi a lokacin ba mu da inshorar lafiya. Akwai wani ƙaramin asibiti da ke duba irinmu, can na ja shi. Ka zo da sassafe ka ɗauki lamba, ka zauna cikin masu tari da masu goyo, a kira ka bayan azahar. Likitan ya tambaye shi ya jiki, ya ce lafiya lau, abinci ne dai yake ɗan tsayawa. Aka ba shi irin ƙwayata, aka ce ya dawo bayan wata guda, in bai ji daidai ba a rubuta masa takardar ganin babban likita, wadda ita ma layinta daban. Ban ga laifin likitan sosai ba. Mutum ya zauna a gabanka yana murmushi yana cewa lafiya lau, me za ka rubuta?

Na ce mu kira Dakta Binta. Ya ce ko kusa. Yarinya ta bi shi ta bi shi ya ƙi, yanzu da wane ido zai dube ta? Ya ce in na kira ta, ni da shi har abada.

Na kira ta a ɓoye, muka shirya. Ranar da ta ba mu, na sauko ƙasa ina dafe da ƙirji ina salati, na ce Lawal tawa ta ƙare, kai ni asibiti. Da yake ya saba, bai ko yi mamaki ba, ya ɗauki makulli yana zagina. Muna isa ƙofar asibitin na warke sarai. Dakta Binta na tsaye da keken marasa lafiya. Ya dube ni ya dube ta.

"Bakano dai ba ya tuba," in ji shi. Amma ya zauna a keken. Ina jin a ransa ya gaji da ɓoyon.

Washegari aka yi masa kyamarar. Tawa ba ta ɗauki lokaci ba, tasa ma haka, amma dalilin daban ne. Kyamarar ba ta samu hanyar wucewa ba.

Bayan sakamakon ɗan naman da suka gutsura ya fito, Dakta Binta ta zaunar da mu a wani ƙaramin ɗaki. Maganarta har yau tana kunnena. Ta ce ruwan tsamin ciki ya yi shekaru yana hawa yana ƙona hanyar abincinsa, ta ƙone ta warke, ta ƙone ta warke, har fatar wurin ta gaji ta rikiɗe ta zama wani abu dabam. Abin da ta zama shi ne ciwon daji, kuma ya kusa rufe hanyar.

"Amma Baba, ba ka taɓa jin ƙwannafi ba?"

"Da can na sha fama da shi. Tun da na kama kanwa ban ƙara bari ya taso ba."

"Kanwa? Tun yaushe?"

"Tun kafin a haifi autata."

Autar tasa a lokacin tana shirin gama sakandare.

Ta tambayi barci, na ba ta labarin kujera. Ta ajiye biron hannunta. Can ta ce, a hankali, "Ban tambayi kanwa ba. Kakata ma tana sha." Ta ce kanwar ba ita ta kawo ciwon ba, ta dai riƙa kashe zafin da ya kamata ya kore shi zuwa asibiti tun tuni. Ni a matsayina na direba na gane nan take. Kamar jar fitilar inji ce ta kama a gaban mota, ka samo tef ka manne ta, ka ci gaba da tafiya.

Makonnin da suka biyo baya na hoto ne da cike takardu. A kwantar da shi a na'ura, a fito da shi, a tura mu wani bene. Wata mata da ke taimaka wa marasa inshora ta zauna da mu ta cike takardun neman sassauci, ta yi haƙuri da Turancina, Allah ya saka mata. An yafe wani abu, wani ba a yafe ba. Lawal ya mayar da motar haya, ya cire hoton gidansa daga gilashi ya manna a bango kusa da kujerarsa. Direbobi suka yi karo-karo a layi, har waɗanda ba addininmu ɗaya ba. Kuɗin da ya tara na komawa gida ya fara zagwanyewa, kuma wannan ya fi ciwon damunsa.

Aka ce ba za a iya yanka ba tukuna, sai an yi ƙarin ruwan maganin daji da suke kira kemo, da gashi da na'ura. Kafin nan aka huda cikinsa aka sa tiyo, don ko ruwa ya fara gardama. Ma'aikaciyar jinya ta koya min yadda ake zuba madarar gwangwani ta tiyon da ƙaton sirinji, a bi da ruwa, a goge bakin ramin. Na karɓi sirinjin na fara.

"Ka ga ƙarshen duniya," in ji Lawal. "Bakano yana ba ni mai kamar tsohuwar mota. Ka cika tanki, kada ka yi min halinku."

Kemo ya kwantar da shi. Bakinsa ya yi gyambo, gashin gemunsa ya zube a kan riga. Abin da ya fi ci min rai shi ne yawu. Mutum bai san sau nawa yake haɗiyar yawu a yini ba sai ya ga wanda ba ya iyawa. Gwangwani muka ajiye masa a gefen kujera, ni ke zubarwa. Da farko yakan rufe shi da hankici in na shigo. Daga baya ƙarfin jin kunyar ma ya ƙare.

Shawara kuwa ta zo ta ko'ina. Yayansa ya bugo daga Zariya ya ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, jifa ne, tun da ya gina gidan nan ido ke kansa. Wani ya ce zuma da habbatus sauda. Wani ya ce nonon raƙumi, har muka tura aka sayo daga wata gona mai nisa, da tsadarsa. Aka aiko da rubutu daga gida a gora ta hannun matafiyi. Lawal ba ya iya haɗiya, muka tambayi liman, ya ce a zuba ta tiyon, niyya ce. Na zuba. Da ma'aikaciyar jinya ta zo ta ga baƙi a cikin tiyo sai ta ruɗe, ta ɗauka jini ne, tana shirin kiran motar asibiti. Na rasa Turancin da zan yi mata bayanin tawada da allo. Lawal ya yi dariya har ta koma masa tari. Ita ce dariyarsa ta ƙarshe mai ƙarfi da na ji.

Ina da ƙorafi a kan masu dubiya, kuma zan faɗa ko za a ji haushi. An gaya muku mutum ba ya haɗiyar ruwa, ku zo masa da dambun nama da kilishi. Da kuka ga ba zai ci ba, sai ku buɗe ku ci a gabansa kuna hirar siyasar gida. Ƙamshin yana cika ɗakin, yawunsa yana tsinkewa, ni ina miƙa gwangwani. Kuma kowa ya shigo, ya jiki Malam Lawal? Shi kuma, da sauƙi. Ku ce masha Allah, ku tafi ku gaya wa na waje ya samu sauƙi. Na gode da zuwanku, Allah ya ba da lada, amma da kun zauna shiru na ɗan lokaci kun riƙe hannunsa da ya fi.

Wajen tsakiyar sanyi, bayan an gama zagayen farko na kemo, abin ya ɗan saki. Ya haɗiyi cokali biyu na kunun Hauwa, muka yi ta hamdala kamar an yi haihuwa. A makon ne Dakta Binta ta zo gida da kanta, ta durƙusa kusa da kujerarsa.

"Baba, zan gaya maka abin da zan gaya wa mahaifina. In kana son zuwa gida, yanzu ne. Jikinka zai iya ɗaukar jirgi a yanzu. Ban san nan gaba ba."

Asabe ma ta waya abin da take roƙo ke nan. Ita zuwanta bai yiwu ba, kafin a haɗa fasfo a shiga neman biza lokaci ya tafi. Lawal ya dubi hannayensa, ya dubi hoton bango.

"In sauka a Zariya a haka? Shekara nawa suna jira, in zo musu da tiyo a ciki da gwangwani a hannu? A bari in ƙarasa maganin, in ɗan yi kumari. Bayan azumi."

Na zage shi, na lallashe shi, na ce zan raka shi har ƙofar gida in kwana a zaure. Ya ce shi ba zai kai Bakano unguwarsu ba, kaji za su ɓace.

Hoton da aka yi bayan zagaye na biyu ya nuna ciwon ya tsallaka hanta. Maganar yanka ta mutu. Idonsa ya yi rawaya, ƙafafunsa suka kumbura, cikinsa ya ɗauki ruwa. Daga kujera zuwa banɗaki sai na ɗauke shi, kuma ni da ke kukan ciwon baya in na ɗauki jakar fasinja, ban ji nauyinsa ba. Aka kawo masa gadon asibiti har gida, mai ɗagawa. Muka gwada kwantar da shi, ko rabi ba a kai ba ya fara shaƙewa. Aka mayar da kan gadon sama. A zaune dai.

Wata rana Asabe ta kira ta wayar da ake ganin juna, ta zagaya da shi cikin gidan, ɗaki ɗaki, har kan gadon katakon. Ya daɗe yana kallo. Ya ce ta canza zanen gadon, wancan ya sha ƙura. Ta ce kowace Juma'a take canzawa. Daga nan na karɓi wayar na yi mata sallama.

Ana saura 'yan kwanaki, Dakta Binta ta dawo da takarda a hannu. Ta ce ta yi gyara, kuma tana so shi ya fara amsawa, in zai iya. Ya ɗaga mata gira.

"Baba, kana shan jiƙon kanwa, ko toka, ko wani abin gida saboda ƙirjinka?"

Muryarsa ta dushe, sai na sunkuya nake ji ina maimaitawa. "Ya ce kullum."

"A miƙe kake barci, ko a kishingiɗe?"

"Ya ce yanzu kika zo."

"In ka yi ruku'u ko sujada, wani abu yana taso maka?"

Ya gyaɗa kai. Ta haɗa lissafi, hawaye na ɗiga a kan takardar, ta ce ta kama shi, ya ma fi ni maki.

Ya jawo hannuna, na kai kunne. "Ka ji ko, bawa. Ko a ciwo na fi ka."

Ya rasu ranar wata Talata da hantsi, lokacin da itatuwan birnin nan suke fure, baƙi sun cika gari suna ɗaukar hoto. Ina riƙe da gwangwanin, Hauwa na karanta masa Yasin. Ba wani tashin hankali, numfashin ne ya yi ta nisa da juna har ya daina dawowa. Allah ya jiƙansa, ya sa jinyar ta zama kaffara.

Wasiƙun kuɗin asibiti har yau suna zuwa da sunansa. Dakta Binta ta ci gaba da aikinta da sabbin tambayoyin, kuma yanzu ba ta barin kowa ya tsere wa kyamara da in sha Allahu. Ni ta ɗauka ɗan rakiya, don an san ba ni da kunya. In dattijo ya ce mata lafiya lau, sai in fita in leƙa aljihun ƙofar motarsa. Na samu gora fiye da ɗaya.

Saƙona gare ku gajere ne. Wanda duk ya san yana kurɓar wani abu don ya danne ƙirjinsa, wanda ya daina kwanciya a miƙe, wanda nama ya fara tsaya masa, ya je a duba shi, kuma in an tambaye shi ya faɗi har abin da ba a tambaya ba. Mun taso an koya mana namiji ba ya kuka da ciwo. Ni ban koyu ba, an yi min dariya shekara da shekaru, ga ni nan. Lawal ya koyu.

Ni na yi masa wanka, ni da liman da wani dattijo ɗan Kumasi, a ɗakin wankan gawa na masallaci. Muka cire tiyon, muka toshe ramin da auduga. Da muka ɗora shi a kan teburin, sai na ga na kai hannu ina neman abin da zan tokare masa kai da shi, don kada ya shaƙe. Liman ya riƙe min hannu ya ce, bar shi, Malam Garba.

Na bar shi. Shekarun nan duka da muka yi tare, ranar ce na fara ganin Lawal a kwance a miƙe. Ashe dogo ne.